'Yar Tsafe a Jeren Inna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni mahaifiya, ya kuma ba ni damar yi mata jinya kafin ya karɓi abinsa. An yi addu'ar arba'in ɗin Inna, baƙi sun watse, an mayar da tabarmin aro. Sai yanzu na samu zama in rubuta yadda ciwon ya zo, domin wanda ya ga irin alamunsa a jikin nasa tsohon kada ya yi jinkiri irin namu. Zan kuma faɗi wani abu da na samu a cikin jinyar, wanda ba shi na tafi nema ba.

Sunana Hauwa'u. Ina aure a Gusau, ina murza taliya in sayar a gida. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma sunan uwar mijinta aka sa mini, saboda haka kunya biyu ta haɗu a kaina. Ana yaye ni aka kai ni Tsafe wurin yayar mahaifina, Gwaggo Indo, can na girma. Inna tana Bungudu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In zance ya biyo ta kaina sai ta ce "'yar Tsafe". In na je gaishe ta takan amsa tana kallon wani wuri, ta sa a dama mini fura mai kyau, ita kuma ta tashi ta kama wani aiki. Ranar aurena ma gidan maƙwabta ta je ta ɓoye. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba, haka na taso na ga iyayenmu suna yi da 'ya'yan fari. Sai dai har na haifi nawa 'ya'yan ba ni da hoto ko ɗaya da ni da ita muke ciki tare. Abin yana raina, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ciwon ya fara wajen ƙarshen damina. Rabi, autarmu, wadda take aure kusa da gida, ta kira ni ta ce ƙafafun Inna sun kumbura, takalminta ya daina shiga. Muka ce zama ne ya yi mata yawa tun rasuwar Baba. Daga nan sai haki. In ta ɗebo ruwa daga randa zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Sai kuma tari da zarar ta kwanta, har ta koma yin barci a zaune, jingine da buhun gero.

Kawu Bala, ƙaninta da yake noma a Furfuri, ya ce sanyin damina ne, a riƙa dama mata kunun kanwa tana sha da zafinsa. Wata maƙwabciya ta kawo jiƙo. Wata ta ce a gasa ƙafar da ruwan ganye. Duk an yi, kuma kowa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Kumburin dai sai hawa yake. Ranar da na je Bungudu na danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Waɗannan alamun nake so mai karatu ya riƙe: kumburin da yake lotsawa, da haki, da kasa kwanciya. Duk wanda ya ga ukun nan tare, asibiti zai nufa, ba madafa ba.

Rabi tana da tsohon ciki, ƙannenmu maza kuwa ba za su zauna a ɗakin mata ba. Jinya ta faɗo kaina. Da Inna ta ji haka sai ta ce wa Kawu Bala, "A nemo wata."

Kawu ya ce, "Wa za a nemo, Yaya? Haya za mu ɗauko?"

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta har muka iso Gusau.

A asibiti mun sha layi. Akwai na kati, akwai na ganin likita, akwai na hoton ƙirji, kowanne da bencinsa da jama'arsa. Tsohuwa tana haki a zaune, ana ce maka ka jira. Wannan ya ɓata mini rai, har yanzu kuma ina ganin ya kamata a riƙa duba masu numfashi da ƙyar tun daga bakin ƙofa. Amma wata nas da ta zo wucewa ta tsaya ta kalli Inna, ta kama hannunta da kanta ta shigar da mu. Ban san sunanta ba, Allah ya san ta.

Likitan ya danna ƙafar kamar yadda na danna, ya saurari bayanta, sannan ya ce, "Mama, zuciyarki ce ta gaji. Hawan jini ya daɗe yana sa ta aikin ƙarfi ba ku sani ba. Yanzu ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da huhu." Ya tambayi abin da muke ba ta a gida. Kawu Bala ya gyara zama ya ce kunun kanwa, safe da yamma, shi ma ya kawo kanwar da kansa. Likita ya ajiye biro. Ya ce kanwa da gishiri su ne suke ƙara tara ruwan, daga yau a ɗauke mata su. Kawu ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

Inna ta ce, "Bala, ashe kai za ka kashe ni."

Ya ce, "Yaya, ke fa kika koya min sha."

Aka ba mu gado. Yawancin magungunan a waje ake saye, kuma suna da tsada. Kawu ya sayar da rago, maigidana ya ɗauki sauran, 'yan'uwa suka taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ba zan ce mun wahala fiye da wasu ba, don na ga waɗanda suka tafi gida da takardar magani a hannu ba su saya ba.

Makon farko ya yi mana nauyi, ni da ita. Matar da ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ga shi ni nake ba ta a baki. Wanka ya fi komai wuya. Ta ce in rufe ido. Na ce, "Inna, in na rufe ido a baki zan sa miki sabulun." Sai ta juya ta ce wa bango, "Ji min ɗiyar Indo da baki."

A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata, Maman Hanifa, tana jinyar uwar mijinta. Mace ce mai fara'a, ba ta iya shiru. Ita Inna ta mayar 'yar aike. Ina zaune a gefen gadon, gwiwata tana taɓa katifa, sai in ji ta ce, "Maman Hanifa, a ce ma 'yar Tsafe ta miƙo ruwa."

Maman Hanifa sai ta juyo da murya irin ta mai shela ta ce, "'Yar Tsafe, saƙo daga Bungudu, wai a miƙa ruwa." Duk ɗakin a yi dariya. Wata rana ta ce, "Mama, aiken nan ya yi yawa, a fara ba ni tukuici."

Inna ta ce, "Ki biyo ni Bungudu in ba ki daddawa, tun da ni an hana ni gishirin da zan ci ta da shi."

Sana'ar Maman Hanifa a waya take. Masu biki da masu suna suna turo mata hotuna, ita kuma ta yanke mutanen daga inda suke, ta ɗora su a kan wani shafi mai ado, ta rubuta sunaye. Na riƙa leƙa hannunta don rage zaman banza. Da ta ga ina kallo sai ta karɓi wayata ta sa mini manhajar da take aikin da ita, ta nuna mini yadda ake zagaye mutum da yatsa a cire shi daga hoto.

A lokacin ne Kawu Bala ya zo da kayan sawar Inna, a ciki har da wata tsohuwar kwalla da Rabi ta haɗo. Hotunan gidanmu ne a ciki. Wasu laima ta manne su, wasu gara ta ci gefensu. Maman Hanifa ta ce in ɗauke su a waya tun ba su ƙarasa lalacewa ba. Ta ce in ajiye kowanne kusa da taga da hantsi, kada in kunna fitilar waya, don ƙyalli yake sawa.

Da Kawu na fara gwaji. Wani hotonsa ne na samartaka, yana tsaye kusa da keke. Na zagaye shi da yatsa, na cire shi na ɗora a kan wani shafi mai furanni. Da na duba sai na ga na bar kunnensa ɗaya da rabin hularsa a wurin keken. Maman Hanifa ta fizge wayar ta kai gaban Inna. Inna ta kalla, ta sake kalla, sai kafaɗunta suka fara motsi. Ta yi dariya har tari ya kama ta, nas ta zo tana faɗa. Da aka nuna wa nas ɗin ita ma sai da ta dafa ƙarfen gado.

Kawu ya ce, "Hauwa'u, mi na yi miki? Don na ba uwarki kanwa shi ne kika yanke min kunne?"

Inna ta ce, "Dama ba ka ji da shi."

Tun shigowarmu asibiti, ranar ce ta fara cinye abincinta.

A mako na biyu allurai suka fara aiki. Kumburin ya sauka, ta iya kwanciya da matashi biyu. Ni kuma hannuna ya faɗa, na daina yanke kunnuwan mutane. Na haɗa hoton Baba a kan wani shafi mai jajayen furanni, na ajiye wayar a kan zanenta kamar na manta. Ta ɗauka ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Maman Hanifa, wanga fure na ina ne? Malam bai taɓa ganin irin shi ba. Kuma an bar shi tsaye a rana, shi da ba ya son rana."

Wannan maganar ce ta buɗe mini ido. Na daina amfani da adon da ya zo a cikin wayar. Da na je Bungudu ɗauko wasu kaya sai na bi gidan ina ɗaukar hoto: inuwar durumin ƙofar gida, tabarmar zaure, faifayen da Inna ta saƙa, bangon ɗakinta mai shafen farar ƙasa, baƙin zanenta na saƙi. Na lura bango ɗaya kala uku yake yi, da safe daban, da azahar daban, da la'asar daban. Na shekara nawa ina shiga gidan ban taɓa ganin haka ba. Na dawo na zaunar da Baba a ƙarƙashin durumi, a kan tabarmarsa. Na rage hasken hoton nasa kaɗan don ya yi daidai da inuwar, ba wanda ya koya mini wannan. Inna ta kalla ta ce, "To, yanzu ya zauna." Ni da na ɗauka hannuna bai iya komai ba sai murza taliya, sai ga shi ina kwana ina tashi da tunanin wane zane zai dace da wace fuska.

A ƙuruciyarta Inna gwanar jere ce. In za a kai amarya a unguwarsu, ita ake kira ta jera kwanuka da tasoshi a ɗaki. Ashe idon yana nan. Ta karɓe ragamar aikin, ni na zama hannu. Dokokinta kuwa ba a tsallake su. Manya a ƙasa su ɗauki nauyi, ƙanana a sama. A bar fili tsakanin fuska da fuska, don jeren da ya cushe ba ya numfashi. Ƙanwa ba ta hawa saman yayarta. Suruki ba ya tsayawa kusa da surukarsa ko da a waya ne. Duk wannan ta bakin Maman Hanifa nake jin sa, har uwar mijinta ta fara ƙorafi cewa an ƙwace mata mai jinya.

Labari ya bazu a dangi. Daga Furfuri aka aiko da hotuna, daga Wanke aka turo wasu ta waya, Gwaggo Indo ta ba wani direban Tsafe nata a cikin leda. Kowane shafi muka gama sai in tura zauren dangi da muke da shi a waya. Akwai wasu 'yan'uwan Inna mata biyu da suka daɗe ba sa magana, tun wata rigima a kan akuya da shanyar wake. Inna ta sa na yanko su daga bukukuwa daban-daban, na zaunar da su a kan tabarma ɗaya, na sa musu kwanon fura a tsakiya. Na ce, "Inna, za a yi faɗa." Ta ce wa Maman Hanifa, "A tura." Kafin la'asar kowacce ta kira ta yi mita. Kowacce kuma kafin ta kashe waya ta ce a wanko mata ɗaya ta ajiye.

Ina cikin wannan aikin na bi hotunan nan kaf. Ga Inna da Rabi, ga Inna da mazan, ga Inna da jikoki, har da 'ya'yana a cinyarta. Ni kuwa duk inda na fito, Gwaggo ce a gefena. Maman Hanifa ta lura. Ta ce, "Ke ma da abinki. Aikin minti nawa ne? Ki haɗa mana."

Na haɗa. Na ɗauki hoton bikin Rabi, inda Inna ta dafa kafaɗarta, na cire Rabi na sa kaina. Ya fita tsaf, wanda bai sani ba ba zai gane ba. Ban yi niyyar nuna mata ba, amma tana duba wasu shafuka da yatsarta sai ta faɗa kansa. Ta tsura masa ido. Sannan ta miƙo wayar, kuma wannan karon ba ta bi ta kan kowa ba.

Ta ce, "Hannun nan na Rabi ne. Ki mayar mata."

Maman Hanifa ta ce, "Haba Mama, ai ita ma ɗiyarki ce."

Inna ta ce, "Na ce ba ɗiyata ba ce?" Ta juya ta fuskanci bango.

Na goge hoton. Na fita na wanke kwanukan da na riga na wanke. Ban ji haushinta ba, na dai ji kunya, kamar wadda aka kama ta sa kayan aro. Na ce wa raina a bar maganar.

Da aka sallame mu likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti, saboda haka gidana muka wuce. Nan wata sabuwar kunya ta tashi, ta suruki. Maigidana ya koma cin abinci a zaure. In zai shigo sai ya yi sallama tun daga waje, ya yi gyaran murya, ya tsaya, ita kuma ta ja mayafi har hanci. Suna gaisawa, shi yana kallon ƙasa, ita tana kallon rufi. Amma kullum sai ya shigo da gwanda ko kankana ya ajiye a bakin ƙofa, wai yara ya sayo wa. Ita kuma kullum sai ta tambayi yaran ko ubansu ya ci abinci.

Makonnin nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Na koyi miya ba gishiri ba dunƙule, ina ƙara citta da tafarnuwa da albasa don ta ciwu. Inna ta ce miyar kamar wa'azi take, akwai amfani babu daɗi. Da hantsi in shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ina murza taliya, tana riƙe da waya tana duba aikin jiya. Da babu Maman Hanifa sai ta koma aiken duk wanda ya gifta, in babu kowa kuma ta gaya wa kaza. Maƙwabta suka fara kawo nasu tsofaffin hotunan. Inna ta duba kowanne ta yanke hukunci: wannan a sa shi a kan atamfa, wancan fuskarsa ta cika faɗi, a ba shi shafi shi kaɗai.

A nan zan sake jan kunne. Da kumburi ya sauka, masu zuwa dubiya suka fara cewa ai ta warke, a huta da ƙwayoyin nan haka, yawan magani ma ciwo ne. Mun saurara, muka yi sakaci na ɗan lokaci da ɗaya daga cikin ƙwayoyin ya ƙare. Hakin ya dawo, muka koma layi. Likita bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Wannan ciwon ba a gama shi, lallaɓa shi ake yi." Ya kuma kira ni gefe ya ce zuciyar ta yi rauni sosai, mu ci gaba da magani, mu kuma bar ta ta yi abin da yake faranta mata. Saukar kumburi ba warkewa ba ce. Kada wanda ya tsayar da magani sai da bakin likita.

Bayan wannan komawar Inna ta ce a yi wa kowane ɗa nata shafi, ita da shi. Muka yi na Rabi, da jaririnta da aka haifa muna asibiti. Muka yi na mazan ɗaya bayan ɗaya. Da muka gama sai babbar 'yata ta ce, "Inna, saura na Mamanmu."

Ta ce, "Tana shafin Yaya Indo."

Na ci gaba da abin da nake yi ban ɗago ba.

Ana nan sai Gwaggo Indo ta zo dubiya daga Tsafe. Da sassafe ta taso, don hanyar ba a binta da yamma, ta ce kwana biyu za ta yi mana. Ta girmi Inna, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan. Har yanzu "Amarya" take ce wa Inna, kamar yadda ta saba tun ranar da aka kawo ta gidan ƙaninta.

Tana shigowa ta ce, "Amarya, an ce kin zama mai hoto. Ni ina nawa? In kin sa ni kusa da wadda ba na so, sai na kai ƙara."

Inna ta ce, "Yaya, ke shafi biyu aka ba ki, ɗaya bai ɗauke ki ba."

Suka wuni suna duba shafukan, suna tuna waɗanda suka rasu, suna gardama a kan wace shekara aka yi wane biki. Washegari Inna ta tashi da ƙarfi. Ta yi wanka da kanta, ta ce a ɗauko mata baƙin zanen saƙin da farin mayafi, ta sa kwalli. Ta ce duk hotunanta tsofaffi ne, tana son sabo. Na ɗauko waya. Ta ce a'a, ba za ta tsaya 'yar Tsafe tana auna ta da waya ba, Yaya Indo ce za ta ɗauka.

Gwaggo ta ce, "Ni da ko lamba sai an danna min?"

Na nuna mata inda za ta taɓa. Ta riƙe wayar da hannu biyu kamar faranti, ta danna wani wuri, sai ga fuskarta ta cika wayar. Ta ce, "Wace tsohuwa ce wagga ta shigo tsakaninmu?" Sai da muka gama dariya na gyara mata.

Inna ta je ta tsaya jikin bangon tsakar gida, inda inuwa ta sauka. Ta gyara mayafi. Ni na koma gefe, kusa da turmi. Gwaggo ta ɗaga waya. Sai Inna ta kai hannu ta dafa goshi.

Ta ce, "Yaya, jiri nake ji. A ce ma 'yar Tsafe ta taho ta tare ni kada in faɗi."

Ban jira an faɗa mini ba. Na ruga na rungumo ta ta gefe, ina cewa, "Inna, zauna, bari in kawo kujera." Ba ta zauna ba. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta miƙe tsaye sosai, ta ɗaga haɓa.

Ta ce, "Ki danna mana, Yaya. Mi kike jira?"

Gwaggo ta yi ta dannawa. Da ta gaji ta sauke hannu, sai Inna ta sake ni. Ta sunkuya ta ɗauki buta, ta taka da ƙafarta ta nufi bayan gida, ko bango ba ta dafa ba.

Gwaggo ta bi ta da kallo ta ce, "Amarya, jirin ya wuce?"

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ya wuce."

"To, Allah ya sawwaƙe. Wanga jiri ya san lokacin zuwa."

Yawancin hotunan ba su yi ba. A wasu ba mu da kai, a wasu babban yatsan Gwaggo ya rufe rabi, akwai ɗaya da turmi kaɗai ya fito. Amma guda ya fita, ko da yake ya ɗan karkace. Ni ina kallon Inna, bakina a buɗe, tsoro a fuskata. Ita tana kallon gaba, ta matse baki irin na mai ɓoye dariya, yatsunta a zagaye da hannuna.

Da yamma na ajiye mata wayar a kan zane. Na riga na zaɓi bangon ɗakinta na Bungudu da faifai biyu da zan sa a baya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yaya Indo, a ce mata wanga ba a yanka shi, ba a yi mai ado. A bar shi yadda yake. Kuma kada ya shiga zauren dangi ina da rai."

Ta ƙara wasu makonni tare da mu, muna aikinmu. Har ta fara jan hoto da yatsarta tana ajiyewa inda take so. Daga baya hakin ya dawo, kuma wannan karon allurai ba su sauke shi ba. Mun koma asibiti, ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, ina gode musu. Maman Hanifa ta ji labari ta zo ta wuni da mu, ta sake karɓar aikinta na 'yar aike. Inna ta cika da hantsi, da kalmar shahada a bakinta, kanta a kan cinyata. Har ta tafi ba ta kira sunana ba, ni ma ban sa rai ba. A Bungudu aka yi mata sutura.

Sai da aka share makoki na tura hoton zauren dangi, ban rubuta komai a ƙasansa ba. Kawu Bala ne ya fara kira. Ya yi sallama, sannan ya tambayi wanda ya ɗauki hoto a karkace haka. Na ce Gwaggo ce. Ya ce ya yi zato, ya kashe waya da sauri.

Sai Rabi. Ta ce, "Yaya, ban yarda ba. Ni da nake auta, dafa ni kawai take yi. Ke ji yadda ta riƙe ki."

Na ce, "Jiri take ji."

Rabi ta ce, "Inna? A tsaye ƙyam haka?"

Muka yi dariya har jaririnta ya farka. Ko da dariyar ta ƙare, ba wadda ta kashe waya.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Masu jinya kuma, na gida da na asibiti, Allah ya ba su haƙuri, ya ba su abin da za su yi dariya a kai tare da marasa lafiyarsu tun suna tare.